Rigar Tsatsa

Tun ranar da Maman Miran ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, mijinta Tak Yong-sul ya ɗauki karan tsana ya ɗora wa bututun da ke kusurwar banɗakin. Ƙaton bututu ne na ƙarfen zubi, shi ke kwaso ƙazantar duk mutanen da ke sama ya gangara da ita ƙasa. Sa'an ginin ne, ya ba shekara arba'in baya, ya tsage ta gefe yana ɗigar da wani ruwa mai launin da ba a son tambayar asalinsa. A kan wannan ruwan matar ta taka.

Aka yi mata aiki, aka kai ta wani asibitin jinya a bayan gari inda ake koya wa tsofaffi tafiya karo na biyu. 'Yarsu Miran ce ta sa hannu aka kwantar da ita, ita ce kuma za ta sa hannu a sallamo ta, magana ɗaya ta yanke wa uban.

"Baba, muddin abin nan yana ɗiga, Mama ba za ta dawo gidan nan ba. A gyara shi, ni da kaina zan ɗauko ta."

A wani wurin wannan aikin yini ɗaya ne. Amma Tak a Benayen Balbela yake zaune, hawa na biyu, kuma bututun ba nasa ba ne shi kaɗai. Na kowa ne, ba a taɓa shi sai da izinin ƙungiyar masu gidaje. Ita kuwa ƙungiyar buri ɗaya gare ta a duniya, wato ginin ya faɗi jarrabawa. Hukuma ba ta barin a rushe tsohon bene a ɗora sabo mai tsawo sai injiniyoyi sun zo sun duba sun shaida cewa ya lalace. Mutanen tsallaken titi sun faɗi tasu bara, suka rataya ƙyalle mai faɗin bango suna taya kansu murna, tun daga nan matansu suka daina amsa gaisuwa da kyau. Balbela ta taɓa shiga jarrabawar nan sau ɗaya, ta ci. Har gobe ba a son tuna wannan abin kunya, kuma har gobe ana jin haushin marigayi mai kula da ginin, wanda ya ɓata rayuwarsa yana shafa wa ƙarafuna fenti.

Shugabar ƙungiyar, Gong Hye-ja, a hawa na ɗaya take, daidai ƙarƙashin Tak. Da ta ji yana neman izinin gyara sai ta hawo da kanta, riƙe da kwalin lemo. Ba ta ko zauna ba ta wuce banɗaki, ta tsaya gaban bututun ta haɗa hannuwa a ƙirji kamar an nuna mata jikanta na fari.

"Baba Tak, ka san abin da kake da shi kuwa? Na zaga ginin nan kaf, babu mai irin tsagarka. Ta 'yan hawa na huɗu gumi kawai take yi, ba ta da wani amfani. Amma dubi taka. Dubi launi. Ji wari."

"Shugaba, ita ce fa ta karya min mata."

"Ai shi ma yana cikin abin da ya kawo ni. Hoton ƙashin yana wurinka? A ba mu mu haɗa da sauran shaidu. Ƙugun Maman Miran ba zai tafi a banza ba, na yi maka alkawari."

"Ni dai so nake ta dawo gida."

"Wa ya ƙi? Ka ɗan daure kawai injiniyoyi su zo su gani. Bazarar nan za su zo. Ranar da suka fita ta ƙofar nan, ni zan kira maka mai gyara." Ta dafa kafaɗarsa. "Gida ɗari uku ne suka dogara da banɗakin nan naka, Baba."

Tak tsohon direban bas ne. Shekara talatin ya yi duk wanda ya danna ƙararrawa sai ya tsaya masa, kuma halin bai bar shi ba. Ya ce to. Har hoton ƙashin ya nemo ya ba ta.

Bazara ta zo ta wuce, injiniyoyi ba su zo ba. Aka ce sai bayan damina. A tsakanin nan banɗakin Tak ya zama wurin ziyara. 'Yan kwamiti su zo su auna tsagar da tsinken cin abinci, su koma suna murna ta ƙaru. Dillalan gidaje su kawo masu saye, su cire takalma, su jeru a ƙofar banɗaki da hankici a hanci.

"Kun gani ko?" in ji wani dillali. "Ba mu yi muku ƙarya ba. Ginin nan saura ƙiris."

Mai sayen ya shaƙi warin sosai, ya dubi matarsa ya ce lallai wurin yana da makoma.

Tak kuwa kullum da safe ya zubar da ruwan robar da ya tara a ƙarƙashin bututun, ya hau jirgin ƙasa, ya sauya bas, ya je asibiti. Maman Miran ta fara takawa da ƙarfen dogarawa. Ƙugun ya ɗinke, bakin kuwa dama bai taɓa karyewa ba.

"An gyara?"

"Ana kan magana."

"Magana ce ta tsage ko ƙarfe? Baban Miran, ni aka karya amma kai kake ɗingishi. Ka ga matar gadon can? Shekararta huɗu a nan. Ita ma ce mata aka yi ana gyaran gida." Ta kau da kai wajen taga. "Miyarsu ba gishiri. Ina so in kwana a ɗakina."

Wannan maganar ta ƙarshe a hankali ta faɗe ta, ita ce kuma ta bi shi har cikin jirgi. Kewarta ta ishe shi. Shekara arba'in da tara suna tare, bai taɓa sanin cewa faɗanta ne ke cika gidan ba sai da ya rasa mai yi masa. Da ya sauka bai nufi gida ba, ya karkata bayan kasuwa, shagon Bang mai gyaran famfo.

Bang ya saurare shi yana sakace haƙori. Bai nuna mamaki ko kaɗan ba.

"Balbela ko? An hana ni shiga can. Maigadinku da ya hango jakar kayan aiki sai ya taso kamar ya ga ɓarawo. So kake a gyara amma kada a san an gyara."

"Zai yiwu?"

"Baba, rabin aikina ke nan yanzu. Ɗaya rabin kuma a kira ni in sassauta abin da yake lafiya lau. Matsala ɗaya ce. In na yanke bututun, ba na son na sama su saki ruwa a kaina. A ƙa'ida bi kake yi gida gida kana roƙo a riƙe ciki na ɗan lokaci."

"Ba zan iya roƙon kowa ba."

"To nemo ranar da ba sa nan."

Ranar ta samu da kanta. Ƙungiya ta ɗauki hayar motoci za a kai kowa kallon samfurin sababbin gidajen da ake mafarki, da abincin rana kyauta, don haka ko masu ciwon gwiwa ba a bar su a baya ba. Tak ya ce cikinsa ya ɓaci. Motoci na ficewa, Bang ya shigo sanye da rigar masu kai saƙo, kayan aikinsa a cikin manyan robobi guda biyu na kimchi, tsumammen kabejin nan mai yaji. Maigadi har riƙe masa ƙofa ya yi.

Bang ya ƙwanƙwasa bututun da guduma daga sama zuwa ƙasa yana sauraro, inda ya yi amo ya wuce, inda ya amsa kamar tsohon tulu ya sa alli. Ya ɗaure na sama da ƙarfe a bango don kada nauyin ginin ya sauko masa a hannu. Sannan ya naɗa wata sarƙa mai haƙora a jikin bututun ya yi ta matsawa, har ƙarfen ya ce ƙas ya rabu. Ya yi haka sama da ƙasa, ya zaro ruɓaɓɓen yankin ya nuna wa Tak. Tsatsa da daskararren maiƙo sun cike cikinsa, ramin da ya rage bai fi wuyan kwalba ba.

Daidai nan suka ji wani gurnani yana tahowa daga sama. An manta da tsohon hawa na biyar, wanda kurma ne bai ji sanarwar tafiya ba. Bang ya yi tsalle gefe, amma bai tsira da hularsa ba. Ya daɗe yana zagin tsohon da kakanninsa ƙasa ƙasa, Tak yana ba shi haƙuri yana miƙa masa tawul ɗin Maman Miran.

Bang ya yanko farin bututun roba ya zura a gurbin, ya haɗa bakin biyu da hannun riga na baƙar roba, ya ɗaure da zoben ƙarfe ya matse. Suka saki ruwa, ko ɗigo babu. Tak ya shafa wurin da tafin hannu, ya duba, ya sake shafawa. A bushe yake.

"Yanzu sai kwalliya," in ji Bang.

Ya tsaga tsohon yankin gida biyu ta tsawo, ya kankare cikinsa, ya rufa shi a kan sabon kamar riga, tsagar tana fuskantar ƙofa yadda baƙi suka saba ganinta. Ya ɗaure ta baya da siririyar waya, ya kwaɓa garin tsatsa ya shafe mahaɗan.

"Kullum ka zuba shayin sha'ir a robar nan, launinsu ɗaya. Wari kuma, ka samo daddawar waken suya mai ƙarfi ka tura bayan bututun." Ya tsuguna yana tattara kaya, sai ya nuna ƙasa da sifana. "Abu ɗaya zan gaya maka. Na leƙa na ƙasan, ya fi naka cushewa. Tsagar nan taka ita ce hancin da ginin yake numfashi da shi, yanzu na toshe. Wa ke ƙasa?"

"Shugaba."

Bang ya yi 'yar dariya, ya ce to Allah ya ba ta lafiya.

A yammacin nan Tak ya kira Miran ya gaya mata cikin raɗa, a cikin gidansa. Ta ce madalla, likita ma ya ce ƙarshen wata mai zuwa za a iya sallama, za ta zo ta gani da idonta. Daga nan Tak ya shiga rayuwar munafuki, kuma abin mamaki sai ya ga ta karɓe shi. Ya dafa shayi, ya ɗiɗɗiga a bakin tsagar, ya sabunta daddawa. Shugaba ta zo duba amanarta ta ce warin ma ya ƙara nuna.

Sai ga injiniyoyi sun sa rana. Kwamiti ya zauna ya tsara yadda za a karɓe su. Aka hana shara. Aka cire ƙwan fitilar matakala. Babban shirin kuwa shi ne, da zarar baƙi sun shiga banɗakin Tak, maigadi zai ce ta lasifikar da ke kowane gida, "Gwaji ne, gwaji ne," duk na sama su saki ruwan masai da na kwatami da na baho a lokaci ɗaya, don tsagar ta nuna bajintarta. Har tsohon hawa na biyar aka ba shi mai zungurinsa. Tak ya ji wannan shiri a wurin taro, ya tafa tare da kowa.

Ranar ta zo. Injiniyoyi biyu ne, babba mai furfura da wata matashiya mai riƙe da fitila. Shugaba ta shigo da su, sanye da tufafin zuwa coci, 'yan kwamiti sun cika falo. Ta gabatar da tsagar, ta gabatar da Tak a matsayin mijin mai ƙugu, sannan ta yi wa na bakin ƙofa ido.

"Gwaji ne, gwaji ne," in ji lasifika.

Ginin ya ɗauki ruri. Ruwan hawa goma ya taho a guje, bututun yana rawa, kowa ya ja baya ya kare fuska. Ruwan ya zo, ya wuce. Tsagar tana nan baki buɗe, ko gumi ba ta yi ba.

Kowa ya sauke hannu daga fuska. Matashiyar ta haska fitila cikin tsagar, wani abu fari ya ƙyalla. Babban ya tsuguna ya tsoma yatsa a robar, ya sansana, ya sake sansanawa.

"Dattijo, wannan ai shayi ne."

Shugaba ta juyo ta dubi Tak. Bai taɓa sanin fuskar mutum tana iya yin fari haka a ƙarƙashin hoda ba.

"Baba Tak," ta ce a hankali, "gyarawa ka yi?"

Yadda ta faɗi kalmar, ka ce kisan kai take tambaya. Tak ya buɗe baki ke nan sai aka ji wani dum daga ƙasa, har tayil ɗin da suke tsaye a kai ya motsa. Sai ƙarar ruwa, sai muryar mijin Shugaba yana kiran sunanta.

Duk aka ruga ƙasa. Bututun gidan Shugaba ya dare tun daga mahaɗa har ƙasa. Abin da ginin ya tara tun kafin a haifi matashiyar injiniyar yana kwarara ta ƙofar banɗaki, ya ratsa falo, ya ɗauko silifas na baƙi yana fitowa da su baranda ɗaya bayan ɗaya. Mijin yana tsaye a kan kujera rungume da tukunyar shinkafa.

Shugaba ta tsaya a bakin ƙofarta, baƙin ruwa ya shanye mata safa. Tak ya dube ta, ya ji tausayinta na gaske. Sai ta waiga ta ga babban injiniyan ya toshe hanci da hannu ɗaya, yana rubutu da sauri da ɗayan. Nan take fuskarta ta washe.

"Kada kowa ya goge," ta ce, ganin wata maƙwabciya ta ɗauko tsumma. "Maman Jun, ajiye tsumman nan. Ku ɗauki hoto. Ranka ya daɗe, shigo ciki mana, ɗakin kwana ya fi kyau."

Tak ya yi zaton korarsa za a yi daga ƙungiya, ko a daina yi masa magana. Ina. Kafin mako ya zagayo labari ya sauya. Aka ce ai dabara ce, shi da Shugaba suka ƙulla tun farko, a toshe ƙaramar tsaga don a samu babbar fashewa. Shugaba ba ta musa ba, ta ce dai akwai abubuwan da ba a faɗa a taro. Mutanen da ba su taɓa gaishe shi ba suka koma rusuna masa a matakala. Wani daga wata unguwa har zuwa ya yi neman shawara.

Sakamako ya fito ana saura kwanaki Miran ta zo. Balbela ta faɗi, faɗuwa kuma irin ta ƙarshe, wadda ko mutanen tsallaken titi ba su samu ba. Aka rataya ƙyalle daga hawa na shida har na uku, aka rubuta da ja cewa ana taya mazauna murna, an tabbatar ginin hatsari ne ga masu zama cikinsa. Aka kawo makaɗa, aka raba wainar shinkafa gida gida, aka ba Tak faranti biyu.

A cikin wannan shagali motar Miran ta tsaya. Ta fito ta ɗaga kai ta karanta ƙyallen har ƙarshe. Ta bi ta gaban gidan Shugaba, inda aka jibge katifu da tabarmi a waje ba a yarda an kwashe ba tukuna. Tak ya tarbe ta suka hau.

Tak ya ja ta banɗaki yana rawar jiki. Ya kwance wayar, ya cire rigar tsatsar ya ajiye, ya saki ruwa ya kama hannunta ya ɗora a kan farin bututun.

"Taɓa ki ji. A bushe. Na sa tabarmar roba, na kafa ƙarfen dafawa, ga shi nan."

"Ka yi ƙoƙari, Baba." Ta zare hannunta. "Amma ka karanta abin da aka rataya a waje?"

"Wannan ai na kwamiti ne. Kowa ya san yadda ake yin abin nan."

"Abin da ya malale gidan Shugaba shi ma na kwamiti ne? Hukuma ta ce ginin nan hatsari ne. In ɗauko mace mai ƙarfe a ƙugu in kawo ta nan, in wani abu ya faru me zan ce wa mutane? Kuma ko ta dawo, tashin ku za a yi a rushe. Ta zauna can inda ake kula da ita. In an gama sabon, mai lif, sai ta shiga da ƙafarta."

Tak ya leƙa ta 'yar tagar banɗakin. A tsallaken titi, waɗanda suka riga su faɗuwa ko tashi ba su gama yi ba, balle a kai ga tubali. Shekararsa saba'in da takwas, matarsa na bin sa da biyu. Bai iya lissafi sosai ba, amma wannan bai yi masa wuya ba.

"Cewa kika yi a gyara bututu," ya ce.

"Na sani, Baba." Idonta ya kawo ruwa, ta duba agogo. "Kai za ka faɗa mata. Ta fi jin maganarka."

Wannan ƙarya ce, su biyun kuma sun sani. Ya naɗe wainar shinkafar a leda ya kama hanya, makaɗa suka raka shi har bakin ƙofa.

Ya tarar da Maman Miran zaune a bakin gado. Ta taje kai, ta sa rigarta ta fita, jakarta a ɗaure a gefe, ta riga ta raba wa matar gadon can sabulunta da sauran lemonta. Har takalmi ta sa, ta ɗaure igiyar da kanta, abin da ta yi wata guda tana koyo.

"Kai kaɗai? Ina yarinyar?"

"Ta wuce wurin aiki."

"An gyara?"

"An gyara."

"Ba ya ɗiga?"

"Ko ɗigo."

"To me kake jira? Ɗauki jakar mana."

Tak ya ajiye ledar wainar a kan gado. Ya dafa ƙarfen gadon ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kama igiyar takalminta na dama ya fara kwancewa. Ƙullin kuwa ta yi shi da ƙarfi. Ta daɗe tana kallon tsakiyar kansa, har ta gane ba gida za ta ba. Da ya zare takalmin, sai ta miƙo masa ɗaya ƙafar.